Awa 23 da minti 45: yadda wani matashi a Katsina ya faɗi jarrabawar OSCP, ya sake zama ya ci

Asalin lamarin

Wanda ake magana a kansa matashi ne ɗan shekara ashirin da tara, mazaunin wajen Ƙofar Ƙaura a cikin birnin Katsina. Ya karanta kimiyyar kwamfuta, kuma ya shekara huɗu yana aikin kula da na'urori da layukan sadarwa a wata ma'aikata mai zaman kanta. Shi ne wanda ake kira idan intanet ya tsaya, ko firinta ta ƙi, ko wani ya manta kalmar sirrinsa. Ni na taɓa koyar da shi, muka ci gaba da zumunci, kuma da izininsa na rubuta wannan, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunansa ba.

Burinsa shi ne ya koma fannin gwajin kutse, wato aikin da kamfani ke ɗaukar mutum ya yi ƙoƙarin shiga na'urorinsa da izini a rubuce, domin a gano ɓaraka kafin ɓarawo ya gano ta. Izinin nan shi ne ya raba sana'ar da laifi, domin dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da yardarsa ba. A yawancin tallan aikin da yake gani, takardar shaidar ƙwarewa da ake ta ambata ita ce OSCP, ta kamfanin OffSec, masu Kali Linux, babbar manhajar kwamfuta da masu gwajin kutse ke aiki da ita.

Yadda jarrabawar take

Babu tambaya da amsa a cikinta. Ana haɗa ɗalibi da wani keɓaɓɓen layi ta VPN, wato killatacciyar hanya a cikin intanet, a ba shi na'urori shida, a ce ya shiga. Lokacinsa awa 23 da minti 45 ne, sannan wata awa 24 domin rubuta rahoto. Maki 100 ne duka, ana ci da 70.

Uku daga cikin na'urorin kowace zaman kanta take, maki 20 kowace: 10 idan ka sa ƙafa a ciki a matsayin ƙaramin mai amfani, 10 idan ka hau ka karɓe cikakken iko. Sauran ukun a haɗe suke cikin tsarin Active Directory na Microsoft, irin wanda ma'aikatu ke tafiyar da asusun ma'aikatansu da shi, makinsu 40. A tsarin da ake yi kafin 1 ga Nuwamba 2024, sai ka kama ukun nan gaba ɗaya ake ba ka arba'in ɗin. Ka kama biyu ka tsaya, ba ka da komai. Akwai kuma ƙarin maki 10 na kyauta ga wanda ya kammala wani kaso na atisayen kwas ɗin tun kafin ranar.

Mai sa ido yana kallonka ta kyamara tun daga farko har ƙarshe, yana kuma ganin allonka. An yarda ka tashi ka ci abinci ko ka yi barci, ka dai sanar da shi, amma agogo ba ya tsayawa. Metasploit, wani kundin kayan kutse da aka riga aka haɗa, a na'ura ɗaya tak aka yarda ka yi amfani da shi, manhajoji masu yin kutse da kansu irin su sqlmap an hana. Kowace na'ura da ka shiga akwai ɗan fayil na shaida a ciki, local.txt ko proof.txt, wanda dole ka ɗauki hoton allonsa tare da adireshin IP na na'urar, wato lambar da ake gane ta da ita a kan layi, ka kuma miƙa lambar da ke ciki kafin lokaci ya cika.

Janairu zuwa Afrilu 2024: shirin farko

Kuɗin kwas da zama ɗaya ya haura dala 1,500. A canjin farkon 2024 wannan ya tasar ma naira miliyan biyu. Ya haɗa ajiyarsa da kuɗin adashi, yayansa da ke kasuwanci ya cika masa sauran. Tun daga nan jarrabawar ta zama ta gida gaba ɗaya, kuma wannan nauyin zai sake fitowa a gaba.

Kwana 90 aka ba shi a ɗakin gwaji. Yana tashi daga aiki da yamma, ya zauna daga bayan isha zuwa ɗaya ko biyu na dare. Azumi ya shigo a watan Maris, karatun ya koma tsakanin tarawihi da sahur. Ya karanta darussan duka, ya shiga na'urorin gwaji sama da ashirin, amma bai cika sharaɗin makin kyauta ba, domin a ganinsa atisayen suna cin lokacin da ya kamata ya ba wa kutse na gaske.

Akwai wata ɗabi'a da ya saba da ita a wannan lokaci. Idan na'ura ta gagare shi, yakan kwana uku a kanta har sai ta buɗe. Taken kamfanin ma kansa kira ne ga ƙara dagewa, shi kuma ya ɗauke shi a matsayin kada ka taɓa saki. Bai taɓa sa wa kansa agogo ba ko sau ɗaya.

Ƙarshen Afrilu 2024: zama na farko

Ya zaɓi farawa ƙarfe goma na daren Juma'a. Dalilansa biyu ne, kuma duka suna da ma'ana a wajen wanda ya san Katsina a watan Afrilu: zafin rana yana haura digiri 40, kuma sabis ya fi sauri bayan mutane sun kwanta. Sai dai ya je aiki a ranar, ya yi sallar Juma'a, ya yi zirga-zirgar neman fetur, bai runtsa ba. Lokacin da agogo ya fara, ya riga ya yi awa goma sha shida a farke.

Awa ukun farko sun yi kyau. Ya kama na'ura ɗaya gaba ɗaya kafin ƙarfe ɗaya, maki 20. Wajen ƙarfe biyu aka ɗauke wuta. Kafin ya fita tsakar gida ya tayar da janareta, na'urar intanet ta mutu, VPN ya katse, kyamara ta ɗauke. Ya yi kusan minti arba'in kafin komai ya dawo daidai, kuma binciken ƙofofi (mashigai masu lamba da na'ura ke karɓar saƙo ta cikinsu) da ya bari yana tafiya ya mutu ba tare da ya adana sakamakon a fayil ba. Ya sake tayar da binciken, amma saboda gaggawa ya yi gajeren. Nmap, kayan aikin da ake yin wannan binciken da shi, idan ba ka ce masa komai ba ƙofofi 1,000 da aka fi amfani da su kawai yake dubawa, alhali ƙofofin TCP, nau'in da aka fi amfani da shi, 65,535 ne.

Gajeren binciken ya nuna masa wani shafin yanar gizo a na'ura ta biyu, mai wurin saka suna da kalmar sirri. Nan ya tare. Daga ƙarfe uku na dare har sha biyun rana yana kan shafin nan, ban da ɗan tashin da ya yi sallar asuba. Ya gwada jerin kalmomin sirri, ya gwada cusa umarni a akwatin shiga, ya sauko da ƙananan manhajojin kutse guda biyar daga intanet yana gyara su ɗaya bayan ɗaya. Ya gaya mini cewa tun wajen ƙarfe shida zuciyarsa ta raya masa ya bar wurin. "Malam, wallahi duk sanda na yi niyyar tashi sai in ga kamar saura ƙiris. Sai in tuna awa nawa na zuba, in ce ai ba za su tafi a banza ba."

Da tsakar rana ɗakin ya zama tanda. Fanka tana kaɗa iska mai zafi, fankar kwamfutar tana ihu, ya ɗora ta a kan murfin tukunya biyu domin iska ta shiga ta ƙasa. Mahaifiyarsa ta turo ƙaramar ƙanwarsa da kwanon abinci, yarinyar ta tura ƙofa ta shigo, mai sa ido ya rubuto yana tambayar wane ne ya shiga ɗakin. Ya yi bayani, ya sake zagaya da kyamara ya nuna ɗakin, aka ci gaba. Abincin bai ci ba.

Bayan azahar ya koma kan Active Directory, ya sami na'ura ta farko wajen la'asar, ta biyu gab da magariba. Yana jiran wani aiki ya ƙare ne ya tuna bai taɓa yin cikakken bincike a kan na'urar da ta cinye masa awa tara ba. Ya tayar da shi. Cikin minti ashirin wata ƙofa mai babbar lamba ta bayyana, kuma cikin minti arba'in ya shiga ta nan. Ƙarfe takwas da rabi ke nan, saura awa ɗaya da kwata, ya yi awa talatin da takwas bai yi barci ba. Ya ce yana karanta layi ɗaya sau huɗu kafin ya gane shi. Lokaci ya cika yana da 20 da 10, da na'urori biyu na Active Directory da ba su da maki a tsarin lokacin. Bisa lissafinsa, 30. Bai rubuta rahoto ba.

Mayu zuwa Agusta 2024: maganin da bai yi aiki ba

Ya yi mako uku bai buɗe Kali ba. Abin da ya fi damunsa shi ne haɗuwa da yayansa. Da ya je ya same shi a shago ya fara da "Yaya, ka yi haƙuri," yayan ya katse shi ya ce kuɗin sake zama nawa ne. Kimanin dala 250 ne. Ya ce idan ya shirya ya yi magana.

Fassarar da ya yi wa faɗuwarsa ita ce ilimi ne bai isa ba. Saboda haka ya yi rajista a Hack The Box da Proving Grounds, shafukan da ke ba da na'urorin koyon kutse, ya shiga cin na'urori ba ƙaƙƙautawa, ya tara manhajoji da jerin umarni har fayil ɗinsa ya haura shafi ɗari. Hannunsa ya ƙara faɗawa, babu shakka. A watan Agusta na ba shi shawara ya haɗa wa kansa jarrabawar gwaji: na'urori da bai taɓa gani ba, awa 24, ba leƙen amsa. Ya yi. Ya sake zuba awa bakwai a kan na'ura ɗaya, ya ƙare da abin da bai kai 50 ba.

A daren da ya kawo mini sakamakon muka zauna a ƙofar gida bayan an ɗauke ruwa, na ce ya karanta mini abin da ya yi daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Bai iya ba. Yana da bayanin kowane umarni da ya buga, amma babu lokaci ko ɗaya a rubuce. Mutumin da zai shiga jarrabawar da agogo ne rabin wahalarta bai san inda awanninsa suke tafiya ba.

Satumba zuwa Disamba 2024: sauyin tsari

Abu na farko da ya ƙara littafi ne na takarda, irin na 'yan makaranta mai shafi sittin. Duk lokacin da ya fara wata hanya sai ya rubuta ƙarfe nawa, da abin da yake zaton zai samu. Duk na'urar da ta gagare shi har ya duba amsa, sai ya rubuta dalili a layi ɗaya. Bayan wata guda muka duba littafin tare. A mafi yawan wuraren da ya maƙale, dabarar da ake buƙata ya san ta. Abin da ya hana shi kaiwa gare ta shi ne bai duba ko'ina ba kafin ya zaɓi inda zai haƙa: ƙofar UDP (wani nau'in ƙofa daban da TCP) da bai bincika ba, babban fayil da aka bari a buɗe, kalmar sirri da ya samu a wuri ɗaya bai gwada ta a sauran wurare ba.

Daga nan ya kafa wa kansa ƙa'idoji, ya rubuta su da alƙalami mai kauri ya manna a bango saitin idonsa. Ba zai taɓa kowace ƙofa ba sai cikakken bincike ya fara tafiya a kan duka na'urorin, yana adanuwa a fayil. Hanya ɗaya minti 45 take da shi. Idan ƙararrawa ta kaɗa babu sabon abu a hannu, sai ya rubuta inda ya tsaya ya koma wata. Na'ura ɗaya awa biyu, sai ya bar ta ya dawo daga baya. Kuma da zarar ya ga fayil ɗin shaida, hoto da miƙa lamba su ne gaba da komai, kafin murna.

Ƙa'idar minti 45 ta ba shi wuya ƙwarai. Makonnin farko yana kashe ƙararrawar ya ci gaba. Abin da ya sa ta kama shi ne da ya daina ajiye agogon a kan tebur, ya kai shi bakin ƙofa, dole sai ya miƙe kafin ya kashe. Ya ce idan ya riga ya tashi tsaye, sakin ya fi sauƙi.

Sai kuma salla. A zama na farko ya riƙa ganin kowace salla a matsayin mintunan da ake zare masa. Yanzu ya gina jadawalin a kanta. Kowace salla ta zama tasha: zai sanar da mai sa ido, ya yi alwala, ya yi salla, ya sha ruwa, kafin ya koma kujera kuma sai ya buɗe littafi ya amsa tambaya biyu, maki nawa ke hannu, kuma wace hanya ce mafi kusa zuwa 70. A gwaje-gwajensa ya lura sau da yawa abin da ya shige masa duhu yana faɗo masa ne a wajen buta, bayan idonsa ya bar allo.

Ana cikin haka tsarin jarrabawar ya canza daga 1 ga Nuwamba 2024. An cire makin kyauta. A ɓangaren Active Directory ana ba ɗalibi suna da kalmar sirri na ƙaramin ma'aikaci tun farko, kamar dai an riga an shigo, kuma an raba makin: 10, 10, sai 20 ga babbar na'urar da ke riƙe da asusun kowa. Wanda ya ci yana samun OSCP da kuma OSCP+, wadda ake sabuntawa bayan shekara uku. Ya zauna ya lissafa hanyoyin kaiwa 70, ya ga wanda ya kama arba'in ɗin nan 30 kawai yake nema daga cikin 60, wanda kuwa ya sami 10 kaɗai a can dole ya cinye sauran ukun ba kuskure. Ya yanke shawarar farawa da Active Directory da safe, kansa na sabo, da iyakar awa shida.

Batun wuta da sabis ya ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na jarrabawar. Ya ari inbata da batir biyu daga wani abokinsa mai sana'ar sola, ya ɗora kwamfuta da na'urar intanet da fitila ɗaya kawai a kai, janareta ta koma ta cajin batir. Ya tanadi layin waya na wani kamfani daban, ya gwada sauyawa daga wannan zuwa wancan har ya iya cikin minti biyu. Ya yi cikakken gwaji na awa 24 sau uku a ɗakin da zai zauna, da kyamara a kunne, domin ya san yawan datar da za ta tafi. Na farko ya sami 50, na biyu 70, na uku 60. Ya kuma zauna da mahaifiyarsa ya yi mata bayani. Ta ce, "To, ranar ni zan riƙe maka ƙofar." Aka shirya za a ajiye abinci a kan kujera a waje, a ƙwanƙwasa sau ɗaya.

Janairu 2025: zama na biyu

Ya ɗauki hutun kwana biyu kafin ranar, ya zaɓi ƙarfe tara na safiyar Asabar, cikin sanyin hunturu. Dokar jarrabawar ta hana bayyana abin da ke cikin na'urorin, shi ma bai gaya mini ba. Lokuta da maki na kwafo daga littafinsa.

Tara zuwa tara da rabi bai yi komai ba sai tayar da bincike a kan duka na'urorin. Sha ɗaya da kwata ya sami 10 na farko a Active Directory. Daga nan ya tsaya cak, ƙararrawa ta kaɗa sau biyu. Ya tashi azahar da maki 10 a awa huɗu da rabi, abin da a da zai sa hankalinsa ya tashi. A littafin ya rubuta: "Ban gwada kalmar da na samu a sauran asusu ba." Uku saura ya sami na'ura ta biyu. Iyakar awa shida ta cika ƙarfe uku yana ganin hanyar zuwa babbar na'ura a fili, sai ya rubuta ƙarin awa ɗaya tare da dalilinsa. Huɗu saura minti goma ya kama ta. Ya yi la'asar da 40.

An ɗauke wuta sau biyu a yinin, bai sani ba sai da ya ga fitilar inbata ta canza launi. Bayan magariba ya sami 10 a ta farko cikin na'urori ukun nan masu zaman kansu, kafin tara na dare ya cika ta, 60. Ta biyu ta cinye awa biyunta ba ta ba da komai ba, ya bar ta. Ta uku ma haka. Sha biyu da rabi na dare, yana da 60, saura 10, ya yi abin da ya ce ya fi komai wuya a ranar: ya rubuta wa mai sa ido zai kwanta, ya sa ƙararrawa ƙarfe huɗu da rabi.

Ya tashi, ya sake karanta sakamakon binciken na'ura ta uku daga layin farko kamar bai taɓa gani ba. Ya ga wani abu da idonsa ya tsallake da dare. Shida da minti goma, bayan asuba, ya shiga. 70. Bai nemi ƙari nan take ba. Ya ɗauki awa ɗaya yana bin hotunansa ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da guda wanda adireshin IP bai fito ba, ya koma ya sake ɗauka tun layin yana buɗe. Sauran lokacin ya gwada hawa cikakken iko a ta ukun, bai samu ba. Tara saura kwata aka rufe.

Rahoto da sakamako

Ya yi barcin awa biyar, ya zauna rubutu. Da yake ya tanadi ƙwarangwal ɗin rahoton tun da wuri, kuma littafinsa yana da komai a jere, ya gama cikin awa bakwai, ya miƙa da sauran lokaci mai yawa. Bayan 'yan kwanaki saƙo ya zo cewa ya ci.

Abin da na gani a lamarin

Ba zan ce ilimin da ya ƙara tsakanin Mayu da Agusta bai yi amfani ba, kuma sauyin tsarin Nuwamba ya taimake shi, tunda an ɗauke masa wahalar neman ƙofar farko a Active Directory. Amma gwajin Agusta ya nuna ƙarin ilimin shi kaɗai bai motsa makinsa sosai ba, kuma ko da a ce an auna zamansa na farko da sabon rabon maki, 50 zai samu. Awa taran da ya zuba a shafi ɗaya su suka kayar da shi, kuma abin da ya jawo su ya faru tun kafin ya zauna: farawa da dare a gajiye, wutar da ba a yi wa tanadi ba, da rashin wata ƙa'ida da za ta ce masa tashi.

Mutumin da ya yi awa ashirin a farke, da kuɗin yayansa a wuyansa, ba zai iya yanke wa kansa hukuncin sakin na'ura a daidai lokacin ba, domin kowane minti da ya zuba yana ƙara ɗaure shi. Shi ya sa na fi ba takardar bangon nan muhimmanci a kan duk manhajojin da ya tara: ya yanke hukuncin ne tun watanni kafin ranar, yana cikin hayyacinsa, ranar kuma bi kawai ya yi. Inda nake da ja da shi har yanzu shi ne tazarar. Da 70 cif ya ci, hoto ɗaya da ya lalace zai iya mayar da shi 60, kuma gwaje-gwajensa uku sau ɗaya kawai suka kai makin ci. Da ni ne, da na ƙara wata guda ina gwaji kafin in biya kuɗin zama. Na gaya masa haka, ya ce azumi yana tafe a farkon Maris, bayansa kuma zafi, shi kuwa ya riga ya yi wa kansa alkawarin ba zai sake zama a ɗakin nan cikin Afrilu ba.